Tafarnuwar Ilokos a Buhun Wake

Ni albasa na sani. Da ita na tashi, daga turin baro a bakin kasuwar Gombe har Allah ya ba ni rumfa, ya ƙara mini da sito, na kai ga loda mota zuwa Kudu. Ko kwando ban gada ba. Tafarnuwa daga baya ta shigo harkata, ta hannun wata tsohuwa da ke zaune a Barunde, kuma a kanta ne na ƙulla gabar da har yau ban kwance ba, ba ni kuma da niyyar kwancewa.

Malama muke ce wa tsohuwar. Ta zo ƙasar nan tana budurwa, a zamanin da ake ɗauko malaman makaranta daga Filifin. Ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta auri wani ma'aikacin gwamnati ɗan asalin garin nan, ta musulunta, ta haifi 'ya'ya mata, duk suka yi aure a nesa. Mijin ya rasu ya bar ta a gidan. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba. Hausarta ta fi ta wasu da aka haifa a nan, tana kuma gaisawa da Fulatanci, amma 'yan kasuwa ba su taɓa daina ce mata 'yar Caina ba.

Ranar da na fara magana da ita, ta tsaya a rumfata ne ta ɗauki kan tafarnuwa, irin manyan nan farare da ake shigowa da su a kwali. Ta matsa, ta shinshina, ta ajiye.

"Mai albasa, wannan ado ce ko abinci?"

Na ce, "Abinci ce, Hajiya. Ta ƙasarku ce ma."

"Ka taɓa zuwa ƙasarmu?"

"A'a."

"To, kada ka ƙara ɗora mana abin da ba mu yi ba."

Washegari ta dawo da wani abu a cikin jaka. Tafarnuwa ce da ganyenta, an kitse busassun ganyen kamar kitson mata, kawunan na reto a jiki. Ƙanana ne, masu tauri, da ɗan ja-ja a ɓawon. A idon ɗan kasuwa ba su kai a tsaya a kalla ba. Ta ɓare ƙwaya ɗaya ta murje ta da farce, sai da mai tattasai da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo yana tambayar wa ke soya miya. Ni ba na bukatar a yi mini bayani sau biyu. Na ce ta gaya mini inda take samowa. Ta ce a bayan gidanta.

Daga nan na zama ɗan gida. Nakan je mata da yamma idan an tashi daga kasuwa, mu zauna a barandarta, tana tsinke zogale tana ba ni labarin inda ta fito. Ban taɓa ganin teku da idona ba, amma na san lardinsu kamar na taɓa kai kaya can. Sunansa Ilokos ta Arewa, a can ƙuryar babban tsibirinsu. Ta ce in ɗauke shi kamar tabarma mai tsawo, siririya, da aka shimfiɗa tsakanin teku da duwatsu: idan ka tsaya a gona ka fuskanci yamma ruwan gishiri ne har ƙarshen gani, idan ka juya baya tsaunuka ne. Ƙasar noman kaɗan ce, mutanen da yawa. Kusan kowa a can Ilokano ne, da harshensu daban da na mutanen babban birni, sai wasu ƙabilu 'yan kaɗan da ke zaune a kan tsaunuka. Yawancinsu Kirista ne. Ta ce akwai tsofaffin majami'u na dutse da aka yi wa bango mai kauri saboda girgizar ƙasa, akwai tuddan yashi a bakin teku kamar an ɗebo su daga Yobe, yanzu kuma 'ya'yan ƙanwarta na turo mata hotunan wasu dogayen fankoki da aka jera a gaɓa suna ba da wutar lantarki.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda rayuwarsu ke kama da tamu. Damina na zuwa musu da guguwa mai cire rufin gida, sannan rani ya yi tsawo, ƙasa ta bushe. Suna cin lalo, suna cin zogale, suna cin kuɓewa da garahuni. Suna da nasu irin daddawar, ta ƙananan kifi da gishiri da ake rufewa a tulu. Suna dafa ruwan teku su fitar da gishiri, suna noma taba, matansu na saƙa. Kuma saboda ƙasar ba ta isarsu, kowane gida akwai wanda ya tafi neman abinci wata ƙasa, kamar yadda ita ma ta taho.

"Sauran 'yan ƙasarmu cewa suke yi mu marowata ne," in ji ta.

Na ce, "Ni ma haka ake ce mini a kasuwa."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Wanda ba ya zubar da abu, shi ake ba ajiya."

Tafarnuwa kuwa, ta ce, ita ce zinaren mutanensu. Da an yanke shinkafa ba a huɗa gonar. Ana rufe ta da karan shinkafar, a tsattsaga ƙwayoyin tafarnuwa a ƙasa ta ƙarƙashin karan, shi ke riƙe laima ya hana ciyawa. Idan an cire ba a yanke ganyen. Ana shanya ta, a kitse, a rataye inda iska ke ratsawa. Ta nuna mini abu ɗaya da ban manta ba: tafarnuwa ba ta yin iri kamar albasa. Ƙwayar da ka ci ita ce irin. Idan shekara ɗaya ta wuce ba ka shuka ba, ko ajiyarka ta lalace, shi ke nan, ta ƙare. Wadda ke hannunta mahaifiyarta ce ta ƙulle mata a gefen ɗankwali ranar da za ta hau jirgi. Tun daga ranar, duk shekarun nan, ba ta taɓa tsallake shuka ba, ko a shekarar da ta haihu, ko a shekarar da ta yi takaba. Mahaifiyar ta rasu, Malama ba ta samu zuwa ba. Gidansu ma an sayar. Abin da ya rage mata na can shi ne abin da ke rataye a rumfar bayan gidanta.

Muka shirya. Tana da wani fili na mijinta a Gabukka, mai rijiya. Ni nake kawo karan shinkafa daga Dadin Kowa in sa a yi aikin. Idan an cire, ta zauna da kanta ta ware na iri, mafi kyau, ta kitse da hannunta ta rataye. Ragowar nawa ne in sayar. Masu tsire da masu kilishi da matan da ke dakan yaji suka san ta, har suka riƙa jiran lokacinta. Ba ta da yawa, amma ta jawo mini mutanen da suka zama masu sayen albasata na dindindin.

Yanzu sai in kawo wanda ya ɓata. Ɗan wan mijinta ne, Alhaji ake ce masa, dillalin wake, sitonsa na kallon layinmu. Mutum ne mai babbar murya da babbar riga, wanda ba ya iya ba almuru sadaka sai ya tabbatar akwai mai kallo. A harkar wake ba laifi, ya san aikinsa, ba zan rage masa ba. Amma idonsa ya daɗe a kan layin da ke tsayawa a rumfata.

Wata shekara, bayan an cire tafarnuwa an rataye duka a gidanta, tun ba a ware tawa ba, yanar ido ta matsa wa Malama. Babbar 'yarta ta zo ta tafi da ita Kano a yi mata aiki. Makullin gida aka bar wa ɗan wan mijin, don shi ne na jini, ni kuwa mai albasa ne. Ba a yi nisa ba na ga kitson tafarnuwa guda biyu na reto a ƙofar sitonsa. Kitson Malama ne, na san hannunta. Na tsallaka na tambaye shi.

Ya ce, "Talla ce. Na shiga harkar."

"Ina sauran?"

"Suna inda suke. Kai wane ne a gidanmu da zan yi maka bayani?"

Kwashewa ya yi gaba ɗaya, bai bar ko kai ɗaya ba. A madadinsu ya jibge mata kwalayen farar tafarnuwar nan ta waje a rumfar, wai ai ya ba ta fiye da abin da ya ɗauka.

Ina nan ranar da ta dawo. Idon da aka yi wa aiki na rufe da auduga, ɗayan ma ba ya gani sosai. Ko ruwa ba ta sha ba ta laluba ta nufi bayan gida. Ta ɗaga hannu inda ta saba taɓawa, ta ji igiya kawai. Ta bi igiyar da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan ƙafarta ta bugi kwali. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a kan kwalin, ta yi wata magana da harshensu, wanda ban taɓa jin ta yi ba sai ranar.

An yi zaman dangi a kan maganar, na je na tsaya daga bakin zaure. Ya shigo yana karkaɗa makullin mota.

Ya ce, "Haba Inna, tafarnuwa ce fa, ba gwal ba. A filin Bappana, mijinki, aka noma ta. Ni zan faɗaɗa abin, a noma shi da yawa, kowa ya amfana, ba a bar wa bare yana ci shi kaɗai ba."

Malama ta ce, "Ka dawo mini da rabi."

"Sai an shuka an cire, zan kawo miki buhu guda."

"Ka san yadda ake ajiye ta?"

Ya yi dariya. "Inna, ni da nake ajiye wake shekara guda ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba? In kuma abin ya dame ki haka, ai jirgi bai daina zuwa ƙasarku ba. A aiko miki da wata."

Dattawan gidan suka ce a yi haƙuri, abu bai kai a ɓata zumunci ba. Matar da ta yi shekaru fiye da shekarun wasu daga cikinsu a garin, ta koyar da matansu da 'ya'yansu, a ranar ta koma baƙuwa. Da zai fita ya tsaya a gabana ya ce, yadda kowa zai ji, "Mai albasa, sai a nemi wata tsohuwar." Na ba shi hanya ya wuce. Ni ba na rama magana da magana, ba ta da riba.

Kwanaki kaɗan bayan haka na ga abin da ya fi wannan muni. A bayan sitonsa akwai tarin busassun ganyen tafarnuwa, awaki na tattakawa. Ya yanke kitson. Na ja wani ɗan dako da muka daɗe tare na tambaye shi, ya ce ai Alhaji ya sa an yanke kawunan an zuba a buhun wake. Duk wanda ke Gombe ya san buhun da ake nufi: mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure na waje. Da shi dillalan wake ke kashe ƙwari, don babu abin da ke iya numfashi a ciki. A wurin wake wannan hikima ce. Shi a tunaninsa ya yi wa kayan gata mafi girma da ya sani. Abin da bai shiga kansa ba shi ne wake busasshe ne, tafarnuwa kuwa rayayya ce, tana numfashi, tana gumi. Ya ɗaure ta a leda, ya jera a sito mai rufin kwano, ga zafin bazara, ga damina na tafe.

Ke nan duk abin da ya rage da rai daga ƙullin ɗankwalin nan shi ne kitso biyu da ya rataye don talla. Su ma ranar da ya gaji da su zai iya miƙa wa mai shayi.

Na yi tunanin hanyoyi. In na taya, zai gane suna da daraja ya hana. In na tura wani, kasuwa ba ta da rufi, zai ji. In na kai ƙara wurin shugaban kasuwa, maganar gida ce, za a ce in fita. Sai na koma ga abin da na sani game da mutumin, wato ba ya iya barin dama ta wuce idan akwai 'yan kallo.

Na zaɓi ranar da kasuwa ta cika, da hantsi, lokacin da dillalai ke zaune a bencin ƙofarsa. Na tsallaka na yi sallama. Duk suka juyo, don kowa ya san abin da ke tsakaninmu.

Na ce, "Alhaji, wake nake so, buhu guda, na gida."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. Duk masu waken garin nan sun mutu ne?"

"Naka ya fi kyau. Gaskiya ɗaya ce."

Ya faɗi farashi, na san ya ɗora, kowa a wurin ya san ya ɗora. Ban taya ba. Wannan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a kasuwa, in ji farashin banza in yi shiru. Ya juya wurin mutanensa yana murmushi.

"Kun gani ko? Tun da tsohuwa ta kuɓuce masa ya koyi ladabi."

Aka yi dariya. Na bari suka gama. Aka ɗora buhun a baro. Sai na tsaya kamar wanda ya tuna wani abu.

"Alhaji, ba gyara?"

A ƙa'ida, gyara daga cikin abin da ka saya ake yi. Wanda ya sayi wake, a ƙara masa ɗan wake. Haka aka saba, kuma babu mai sayarwar da zai hana gyara a gaban mutane bayan an saya ba tare da tayi ba. Ya miƙa hannu zai ɗebo da kwano, sai na ɗaga kai na kalli ƙofar.

Na ce, "Bar waken. Uwargida na fama da mura. Ko waɗancan tsofaffin ka ba ni ta jiƙa, tun da ni yanzu ba ni da ita."

Na ga abin ya yi masa daɗi har cikin ransa. Mutumin da garin nan ya sani da tafarnuwar Malama, yau shi ke roƙonta a ƙofarsa. Ya sa sanda ya sauko da ɗaya ya jefa a kan buhun.

Wani daga cikin dillalan ya ce, "Haba Alhaji, mai buhu-buhu a ciki, ɗaya tal?"

Ya sauko da ta biyun ya jefo. "Ɗauki, ka gaishe ta. In ta ƙare ka dawo, muna da ita har mu ba mabukata."

Na ce, "Allah ya ƙara buɗi." Na tura barona da kaina, abin da na daɗe ban yi ba, ina jin dariyarsu a bayana.

Ban biya gida ba, Barunde na wuce. Na samu Malama a baranda, ta rame, ko zogalen ta daina tsinkewa. Na ɗora mata kitson a cinya. Ta bi shi da yatsu, kai bayan kai, tana matsawa. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Ina ka samo?"

Na gaya mata duka, har da maganar buhun leda. Sannan na yi mata tambayar da ta kawo ni, don kayanta ne, ba nawa ba. Na ce idan aka kwance buhunan nan yanzu aka baza a inuwa, wataƙila a tsira da wani abu. In je in gaya masa?

Ta juya kitson a hannunta. Can ta ce, "Ya tambaye ka?"

"A'a."

"Ni na tambaye shi a gaban iyayensa ko ya san yadda ake ajiye ta. Ka ji amsar da ya ba ni."

"Na ji."

"To." Ta ɗaga kitson. "Wannan ya ninka abin da uwata ta ba ni. Da shi na fara, da shi za mu sake farawa. Ka tafi da su gidanka, nan har yanzu makulli na hannunsa."

Na kai su gidana a Arawa na rataye a rumfar tsakar gida, sama, inda iska ke wucewa ruwa kuma ba ya taɓawa. Na tara iyalina na ce duk wanda ya ciri ƙwaya ɗaya, ko don mura ko don miya, ya nemi wani gidan. Uwargida ta ce, "To, mun ji. Wannan waken da ka jibgo mana kuma fa, a rataye shi ko a ci?" Mun ci alale da ƙosai a daminar nan har yara suka fara gudun gida. Kowace safiya kafin in fita sai na hau turmi na matsa kawunan ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan sun yi laushi, na cire. Sauran suka tsaya.

Duk tsawon daminar ina kallon sitonsa daga rumfata. Ruwa ya sauka, rana ta fito ta gasa kwanon, ruwa ya sake sauka. Yana wucewa ya ce, "Mai albasa, ya mai mura?" in ce, "Da sauƙi, Alhaji." Na ji yana yawo ofis-ofis yana tallar abin. Ya shawo kan wasu manya biyu da suka yi ritaya da wani mai filaye, suka kama gonakin shinkafa a Dadin Kowa, suka ɗauki ma'aikata, suka gaya wa duk wanda suka sani cewa za su cika Arewa da tafarnuwar Filifin. Da wani ya zo ya tambaye ni ko gaskiya ne irin na da kyau, na ce irin da na sani babu kamarsa. Ban yi ƙarya ba. Ba a tambaye ni halin da yake ciki ba.

Da aka yanke shinkafa sanyi ya fara shigowa, ya sa ranar fitar da iri. Ya gayyaci manyan nasa, suka zo da motoci da direbobi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sito. Ni ma na sa aka fito mini da benci na ajiye a bakin rumfata, na sayi rake.

Aka fito da buhun farko. Tun daga yadda 'yan dako suka ɗauko shi na gane, don ya saki, ya kwanta a kafaɗa kamar buhun dusa da ya sha ruwa. Shi da kansa ya kwance na waje, ya kwance ledar farko, ya kwance ta biyu. Warin ya riga komai fitowa. Mutanen da ke kan tabarma suka miƙe tsaye. Ya tura hannu ya fito da wani abu baƙi, mai yauƙi, da fumfuna a jiki. Ya ce a kawo na biyu. Haka. Na uku ya fi muni. Ya sa aka zazzage duka a ƙasa, ya durƙusa da babbar rigarsa yana tonawa da hannu biyu ko zai samu kai ɗaya mai tauri. Masu tumatir suka taso, masu nama suka taso, mata masu cefane suka toshe hanci da mayafi suka tsaya kallo.

Ɗaya daga cikin manyan, wani dattijo mai farin gilashi, ya ce, "Alhaji, wannan shi ne abin da na gaya wa surukaina su zo su gani a gonata?"

Alhaji ya daina tonawa. Ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kaina. Na san a lokacin ne ya tuna kitso biyun. Na ɗaga masa rakena na ce, "Sannu da aiki, Alhaji."

Ba zan ɓoye ba, raken nan ya yi mini zaƙi.

A makon muka yi shuka a Gabukka. Na ɗauko Malama a mota, aka ajiye mata kujera a bakin rijiya. Ita ta ɓare kawunan da hannunta, ta ware manyan ƙwayoyin da ke gefe. Abin bai cika faifai ba. Muka shimfiɗa karan shinkafa a wani ɗan wuri da bai fi ɗaki ba, na durƙusa ina tsattsagawa tana gyara mini tazara da sandarta. Na sa aka kewaye wurin da ƙaya, na kuma sa maigadi, abin da ya ba maƙwabtan filin dariya. Sai da na ga koren tsinke ya huda karan sannan na samu natsuwa. A shekarar ba mu sayar da ko ɗaya ba, duka muka mayar iri. A ta biyu ma haka. Masu tsire suka yi ta ƙorafi, na ce su jira. A ta uku rumfar bayan gidanta ta sake cika daga wannan ƙarshen igiya zuwa wancan, makullin kuma yana aljihuna, da sanin 'ya'yanta.

Shi kuwa manyan nan ba su sake zama a ƙofarsa ba, kuma a garin nan idan irin waɗannan suka juya maka baya, da yawa za su bi su. Har yau idan wani ya ɗaure abu da kyau a kasuwa sai ka ji an ce a kula kada a yi masa ajiyar Alhaji. Ya turo dattawan gidansu wurin Malama a ba shi ko kai biyar ya gwada. Ta saurare su har suka gama, ta ce a yi haƙuri, abu bai kai a ɓata zumunci ba, tafarnuwa ce. Amma ba ta so a ce ta hana ɗan wan mijinta abinci, don haka duk shekara idan an cire takan sa a daka masa gwangwani guda, lukui, da ɗan gishiri, ni nake aika masa. Na kuma gaya wa duk masu saye a hannuna cewa wanda ya ba shi ɗanya ya gama saye a wurina.

Bara, da hantsi, kasuwa a cike, sai ga shi ya tsallako layinmu. Rigar ta rage girma. Ya yi sallama ya ce albasa yake so, kwando guda. Na faɗi farashin gaskiya, bai taya ba. Aka ɗora masa. Ya tsaya yana kallon sama, inda kitson shekarar ke reto a ƙofar rumfata. Mai tattasai ya daina awo, 'yan dako suka matso.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba gyara?"

Na ce, "Akwai mana, Alhaji."

Na sunkuya na zaɓo albasa uku manya, masu kyau, na ɗora masa a kan kwandon.